Mujiyar da Yayana Ya Zana

Yayana mai zanen allunan shaguna ne. Na aski, na ɗinki, na gyaran waya, duk allon da ka gani a layinsu hannunsa ne. Ba shi da surutu, sai fa in an taɓo mutanen Masar na da, a nan kam sai ka nemi wurin zama. A wajen mai tsofaffin littattafai ya tsinto littafin farko a kansu, irin masu hotunan nan da ake rubuta wa kowa da kowa. Kafin a ankara sun cika kwali a ƙarƙashin teburin fenti. Matarsa takan ce mutum ɗaya ta aura, aka haɗa mata da gawarwaki a naɗe. Ni kuwa in ce, "Yaya, mutanen nan sun mutu, ka bar su su huta." Sai ya ce, "Ke dai zo ki ga yadda suke zana mutum. Fuska tana kallon gefe, ido yana kallonki."

Ɗaki biyu da shago yake haya a gidan wani dattijo, a nan aka haifi 'ya'yansa duka. Dattijon yana da jika ƙarama da ta mai da shagon wurin wasa. Don ƙauna, Yaya ya ƙera mata 'yar kujera, ya rubuta sunanta da rubutun mutanen nasa, mai hotuna. Harafin farkon sunan, a wajensu, mujiya ce. Ya zana ta kuwa, ido ƙuru-ƙuru. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutum da hankalinsa, ya rasa tsuntsun da zai ɗora wa 'yar mutane sai mujiya!

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da yarinyar.

Ina shagon ranar da dattijon ya shigo, kujerar a hannunsa, ɗansa a bayansa, maƙwabta sun cika ƙofa. Ya dangwarar da ita a kan tebur har gwangwanin fenti ya kife.

"Mene ne wannan?"

"Sunanta ne, Baba. Haka suke rubuta..."

"Su wa?"

Ɗan dattijon ya jawo kwalin da ƙafa, ya buɗe littafi ɗaya. Ina ma shafin jiragen ruwa ya buɗo, ko na manoma. A'a, mutum ne mai kan kare ya sunkuya a kan gawa. Wata mata a bakin ƙofa ta saki salati.

"Baba, tarihi ne fa," na ce. "Ko a makaranta ana karantawa."

"'Yata, ba da ke nake ba." Ya juya ga Yaya. "Ban ce da gangan ka yi ba. Amma ko dai littattafan nan su shiga wuta yau, ko ku bar mini gidana tare da su."

Yaya ya dubi ƙofar cikin gida. Matarsa tana tsaye da goyo, ta riƙe labule. Ya sunkuya ya ɗauki kwalin.

"Kada kowa ya taɓa. Ni zan yi."

A bayan gida ya zuba musu kananzir. Takardar mai sheƙi ce, ba ta cin wuta da sauri, dole ya riƙa yago shafukan yana jefawa, kuma kowanne sai ya kalla tukuna. Na kasa tsayawa har ƙarshe. Da ya dawo, ya yi ta shafa wa kujerar farin fenti har idon mujiyar ya ɓace.

Yarinyar ta warke da allurar asibiti, amma kowa a layin cewa ya yi, "Kun gani ko?" Dattijon har godiya ya zo ya yi wa Yaya, shi kuma ya amsa.

Suna gidan har yanzu. Bai sake sayen littafi ba, bai sake yi wa kowa zancen Masar ba, ko da na tsokane shi. Na yi kewar surutun nan, abin da ban taɓa zato ba.

Kwanan baya na wuce ta wani sabon shagon aski, na ga allon da ya zana musu. Fuska tana kallon gefe, ido yana kallona. Mai askin sai yabo yake, wai sabon salo ne. Na je na sami Yaya yana wanke burushi, na ce, "Yaya, na ga mutanenka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ki rufa mini asiri."