Lambatun Heluma

Shekara talatin da ɗaya Heluma ya yi yana aikin hanya, ashirin daga ciki yana shugaban leburori. Can ya samo sunan, ya kuma manne masa har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, irin mutumin da in ka kai shi wuri mai kyau ka ce ya duba, ba furanni zai gani ba. Kai zai karkata ya ce, "Nan ruwa zai kwanta." Ko a gidan biki ya taɓa faɗar haka, ana tsakiyar ɗaukar hoto.

Da ya yi ritaya sai gida ya shiga uku. Cikin wata huɗu sau uku ya sauya wa kwatar tsakar gida hanya. Ran da matarsa ta fito ta tarar ya tone bakin kicin, sai ta tsaya riƙe da tukunya.

"Malam, ruwan wanke-wanken nan ƙara ya kawo maka?"

"Ba ya gudu yadda ya kamata."

"Tsere aka sa shi?"

Ranar ta kira autarsu a waya ta ce, "Ku zo ku ɗauki ubanku, ku ba shi ƙasar da zai tona wadda ba tawa ba."

Mijin Auta makaniken kekuna ne, dogo mai sanyin magana, kuma shi ke jagorantar ƙungiyar masu hawan keke a tsaunin da ke bayan unguwa. Ba kekunan zuwa kasuwa ba, waɗannan masu ƙattin tayoyi, da ake hawa dutse da su ana nishi a gangaro kamar an koro mutum. Malamai ne da direbobi da ma'aikatan asibiti, har da Auta kanta. Da hannunsu suka sare turbarsu ta farko a bayan tsaunin, inda ba gidan kowa. Yanzu ofishin gandun daji ya ba su izinin ƙara sabuwa ta fuskar gabas, wadda a ƙarƙashinta akwai gidaje.

Jami'in gandun dajin sharaɗi ɗaya ya kafa, ya kuma sa Makanike ya sa hannu. Bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi zai zo ya duba. In ya tarar aikinsu ya tura ruwa ko laka gidan wani, zai rufe tsaunin baki ɗaya, har tsohuwar turbar.

Aka kawo Heluma a matsayin mai ba da shawara. Kafin azahar ta ranar farko ya ƙwace aikin. Ya buga turaku, ya ja igiya, ya raba mutane gida uku, ya gaya wa wani likitan haƙori cewa yana riƙe diga kamar mai tsoron kada ƙasa ta ji zafi. Sannan ya nuna gefen turbar da ke jikin tsauni.

"Nan lambatu zai bi, tun daga sama har ƙasa."

Makanike ya matso, ya rage murya. "Baba, a ganina... masu irin wannan aikin ba sa tara ruwa. Turbar suke karkatarwa kaɗan wajen gangara, ruwa ya tsallake a baje ya wuce."

"Hanya ba lambatu? Ka taɓa ganin wando ba tazuge?"

Aka kwashe da dariya. Makanike ya sunkuyar da kai. Yaya mutum zai tsaya musu da surukinsa a gaban jama'a? Auta kuwa, da ita ce ba ta raga wa kowa, tana wajen aiki ranar. Da ta ji labari ta ce, "To, Baba ya fi mu sanin ƙasa," aka bar maganar.

Asabar shida suka yi suna tono. Lambatun ya fito tsaf, taku ɗari huɗu, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Masu keke suka riƙa ɗaukar hotonsa.

Ranar wata Alhamis da hantsi Heluma ya hau shi kaɗai, wai duba aiki, alhali yaba kansa ya je yi. Ya tsiyaya ruwan gorarsa a saman lambatun, ya ga ya miƙe yana gudu, ya yi murmushi. Ya biyo shi a hankali yana sauka, hannu a baya. Taku hamsin, idonsa ya nemi inda za a sa kwalbati, wato bututun da ke ɗauke ruwa ta ƙarƙashin hanya ya zubar a ɗaya gefen. Ya ce a ransa, nan ya dace. Ya ƙara taku hamsin, ya ce nan ma. A wuri na uku ne ƙafarsa ta tsaya.

Wa zai sa?

Shekara talatin da ɗaya aikinsa tono ne. In ya gama, wasu ne ke biyo baya da motarsu da bututunsu da siminti. Bai taɓa kiransu ba, zuwa kawai suke yi, kamar yadda Talata ke bin Litinin. A nan kuwa babu mai biyo baya. Likitan haƙori ne zai zo da bututu?

Sauran gangarar bai san yadda ya sauke ta ba. Lambatun ya ƙare a kwana ta ƙarshe, bakinsa a buɗe. Heluma ya tsaya a wurin ya leƙa. Taku talatin a ƙasa ga katangar wani gida, gajeriya, ta tsufa, a jikinta an jingine ɗakin kaji mai rufin kwano. Duk ruwan da zai sauka a wannan fuskar tsaunin, wanda da can yake bajewa cikin ciyawa, shi da hannunsa ya tattaro shi wuri guda ya nuna masa ƙofa.

Ya ɗaga kai. Gabas ta ɗan yi duhu a gindi.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauko shebur daga inda suke ɓoye kayan aiki ya fara mayar da ƙasa cikin lambatun. Ƙasar da aka tone ai an baje ta a kan turba an daddaɓe, shi ya tsaya a kansu har suka daddaɓe ta da kyau. Zuwa la'asar taku tara ya cike, bayansa kuma ya riƙe. Ya yi lissafi a tsaye, dafe da ƙugu: a haka sai ya kwana arba'in.

A gida ya juya abinci ya ture.

"Lafiya?" in ji matarsa.

"Lafiya lau."

"Tun da ka shigo sau biyar kana fita kallon sama. Jirgi kake jira?"

"Shanya nake duba miki."

"Ban yi wanki ba."

Da safe ya zaga ta ƙasan tsaunin ya yi sallama a gidan mai kajin. Wata dattijuwa ce ta fito, siririya, da dusa a hannu. Ya ce wucewa yake ya ga katanga kamar ta tsage.

"Ta tsage mana," in ji Mai Kaji. "Kai ne na masu keken nan? Na san fuskarka, kai ne mai tsawa. Ni fa na gaya wa jami'in tun farko, kajina ɗari biyu ne, su ne abincina. In ruwa ya shigo min, da ƙafata zan je ofishinsa."

"In sha Allahu ba zai shigo ba."

"Ai an ce min ƙwararre suka samo. Shi ya sa na yi shiru."

Heluma ya dubi ƙasan ɗakin kajin. Ya fi tsakar gidan kwari da kusan taƙi guda. Ya yi mata sallama da muryar da shi kansa bai gane ba. Iska ta fara kaɗawa da sanyi-sanyi.

Shagon Makanike ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Tayoyi rataye a rufi, kwanon ruwan duba faci a bakin ƙofa, kaca a jiƙe cikin gwangwanin mai. Wani keke na kife, Makanike yana juya ƙafar keken yana ɗaure wayoyinta. Da ya ga surukinsa ya miƙe da sauri ya share benci da hannun riga. Aka gaisa. Aka sake gaisawa. Heluma ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya tambayi farashin taya, shi da bai taɓa mallakar keke ba. Auta da ta biyo kawo wa mijinta abinci ta tsaya tana kallonsu.

"Baba, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ka fasa?"

Ya cire hula ya mayar. "Lambatun nan... ba shi da mafita."

Makanike ya ce, "Na lura, Baba."

"Ka lura?"

"Na ɗauka akwai dabarar da za ka fito da ita daga baya."

Auta ta dire kwanon abinci. "Kun ji min mutane! Wannan yana jiran masu bututu, wannan yana jiran dabara. Sati shida! In an rufe tsaunin sai ku zauna a nan ku yi ta gaisawa."

Ta zaro waya tun kafin su amsa. Ranar aiki ce, cikin mutum talatin, bakwai ne suka samu zuwa.

A kan tsaunin kowa ya tsaya yana kallon Heluma, yana jiran umarni. Shi kuma ya miƙa wa surukinsa igiyar awo ya ɗauki diga.

"Malam, faɗi yadda za a yi."

Makanike ya karɓi igiyar. Ya ce cikewa ba za ta yiwu ba. Duk taku ashirin da biyar za a toshe lambatun da duwatsu, a sare turbar a gicciye a yi mata kwari mai faɗi, yadda keke zai bi ta kai ba tare da ya ka da mutum ba, ruwa kuma ya fice kaɗan-kaɗan cikin ciyawa. Wuri goma sha shida. Daga sama za a fara.

Ba a yi wasa ba ranar. Hadari ya taso ya tsaya, kamar mai jira ya ga ko za a gama. Heluma yana sara yana ɗaga kai, yana sara yana ɗaga kai, har Auta ta ce, "Baba, kallon ba ya mayar da shi." Likitan haƙori ya yi kanta a tafin hannu, ya ɗaure da hankici ya ci gaba. A na bakwai aka ci karo da dutse, aka ɓata rabin awa. A na tara aka yi tsawa ta farko. Ɗakin kajin nan ya ƙi fita daga idon Heluma.

Suna cikin na goma sha ɗaya ruwa ya tsuge.

Saura biyar, kuma na ƙasa ne. Heluma ya jefar da diga ya gangara da shebur zuwa kwana ta ƙarshe, yana zamewa yana tashi. Ya tsaya a bakin lambatun. Da farko ruwan siriri ne. Sai ya yi kauri, ya yi ja, ya fara tafiya da tsakuwa. Ya tare da shebur, ruwan ya zaga. Ya tura dutse da ƙafa, ruwan ya haye ta kai. Makanike ya iso, suka sare gefe tare suka karkatar da rabinsa. Ɗaya rabin ya gangara kai tsaye, suna kallo, ya taru a gindin katangar, ya laluba, ya sami tsagar nan ya shige.

Kajin suka ɗauki kuka.

Minti ashirin aka yi ana ruwan. Da ya tsagaita Heluma ya sauka, jiƙe sharkaf, ya yi sallama. Laka ta kwanta a ɗakin kajin kaurin yatsa biyu. Kajin duk sun haye sanduna suna zare ido. Buhun dusa guda ya jiƙe. Mai Kaji tana tsaye, hannu a ƙugu.

"Ina ƙwararren?"

"Ga shi a gabanki."

Ta dube shi daga hula har takalmi. "To, ƙwararre, ga tsintsiya can."

Ya kwashe lakar tas, su Auta suna fitar da ita a bokiti.

Washegari jami'in gandun daji ya zo da takalmin roba da ɗan littafi. Ya bi turbar daga sama, yana tsayawa a kowane kwari yana taka ƙasar da dunduniya. Da ya kai inda aikin ya tsaya, ya ga inda ruwa ya ci gangara. Makanike ya buɗe baki, Heluma ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, ni na tona. Yaron nan ya hana ni, na ƙi ji."

Jami'in ya zura littafinsa a aljihu. Ya sauka gidan Mai Kaji, su kuma suka tsaya a waje a jere, ba mai kallon wani. Heluma yana jiyo muryarta sama-sama, ba ya gane abin da take faɗa. Ya ji an ambaci dusa. Ya ji an ambaci tsoho.

Da jami'in ya fito ya daɗe yana rubutu kafin ya ɗago.

"Ruwa ya shiga. Wannan ba musu. Amma ta ce ba ta kawo ƙara ba tukuna. Tukuna ta ce." Ya rufe littafin. "Sabuwar turba a rufe take har sai na ga biyar ɗin nan, da katangar a liƙe. Tsohuwar ku ci gaba da hawa. Ruwa na gaba zan dawo, in na sake ganin laka a gidan nan ba zan tambayi kowa ba."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Likitan haƙori ya zauna daɓas a kan dutse. Auta ta sauke ajiyar zuciya ta ce kowa ya je ya huta, gobe a dawo.

"Gobe?" in ji Heluma. "Ke kika yi alkawari da ruwan sai jibi zai zubo?"

Ya dafa bayansa ya fara hawa, a karkace, yana tsayawa duk taku goma. Makanike ya dubi matarsa, ta ɗaga kafaɗa. Suka ɗauki kayan aiki suka bi shi.