Gyaɗar Baba Iro da Faifan Shuka

Ko na yi furfura har a gira, ba zan manta da ranar Larabar da kwaɗayina ya ceci gonar mutum ba. Ku sababbin da aka kawo mana koyon aiki bana, na san Anti Rahila ta riga ta gaya muku sunana Gafiya. Sunana na yanka Mudassir, kuma ga nawa bayanin kafin ta gama ɓata ni.

A makon farko na watan Yunin bara ne. Lokacin watana bakwai a shagon Injiniya Habu a nan Kazaure, inda kawuna ya kawo ni bayan na gama sakandare. Mu uku ne a shagon. Injiniya shi ne mai gida, shi kaɗai ke da ikon cewa a yanka. Anti Rahila, 'yar kudancin Kaduna, ita ce mai zane a kwamfuta. Ni kuwa muƙamina babba ne ƙwarai: shugaban tsintsiya, kwamishinan sayo ruwan leda. In aiki ya lafa Anti takan bar ni in koyi zane, amma koren maɓallin da ke tayar da injin, ko inuwata ba a yarda ta faɗa kansa ba.

Ga wanda bai san aikin ba, injin CNC babban tebur ne mai hannu da ke yawo a kansa. A bakin hannun akwai ɗan ƙarfen yanka da muke kira bit. Za ka zana abu a manhaja, ka nuna wa bit hanyar da zai bi, ka ɗora a filashi ka kai wa injin. Shi ba ya musu, ba ya ba da shawara. In ka zana shirme, zai yanka maka shirmen tsaf, har da sheƙi.

Ranar Talata an sha ruwa sosai, irin wanda manoma ke jira. Laraba da hantsi sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar shago, ya goyo wani dattijo mai rungume da ƙaramin buhu, an ɗaure injin shuka a bayan babur. Shi ne Baba Iro, daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa.

Injin irin wanda shanu ke ja ne. Baba ya ce a Babura ya saye shi hannun wani ɗan Nijar, da sefa ma ya biya. A ƙasan bokitin iri akwai faifai mai ramuka a gefe. Taya na juyawa faifan na juyawa, kowane rami ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sake ta cikin ƙasa. Wannan faifan ne ya rabe biyu, don jikokinsa sun yi ta hawan injin kamar motar haya duk tsawon rani.

"Injiniya, laimar nan ta kwana biyu ce," in ji Baba. "Yarana duk suna kudu, 'yan ƙwadago kuma kowa na gonarsa. Ni da shanu biyu ne. In ban shuka gyaɗar nan kafin Juma'a ba, ban san ranar da wani ruwan zai dawo ba."

Injiniya ya duba ma'aji. Farar roba mai kauri da ake irin wannan aiki da ita daga Kano muke sayowa, kuma guntu ɗaya ya rage, daidai faifai ɗaya. Babu na gwaji, babu na kuskure.

Anti Rahila ta haɗa ɓarin biyu a kan tebur, ta ɗauko baniya, wato ma'aunin nan mai baki kamar na kada. Ramuka takwas, kowanne milimita goma sha ɗaya. Cikin rabin awa ta gama zane, sak tsohon. Injiniya ya ɗaure robar a kan injin, ni kuma aka aike ni in kai wa Baba ruwa.

Na same shi yana gyangyaɗi a kan benci, bakin buhun ya ɗan buɗe. Ni dai ban yi niyyar komai ba. Hannuna ne ya tafi gaisuwa, ya dawo da baƙi. Gyaɗa ce ɓararriya, manya-manya, kowace kamar an yi mata kiwo.

Na koma gefen tebur ina tauna a hankali, ina wasa da ɓarin tsohon faifan. Na ɗora ƙwaya ɗaya a kan rami don in ga ta faɗa. Ta ƙi. Ta zauna a sama kamar ƙato a kan kujerar 'yan firamare. Na gwada ta biyu, na gwada ta uku, duk haka. Idan aka yanka faifan nan yadda aka zana shi, ko dai ya yi ta juyawa babu abin da ke sauka, ko ya riƙa datse irin Baba gida biyu. Ya je shuka ya dawo da ƙuliƙuli.

Amma akwai matsala. Sati biyu kafin nan an kama ni da kilishin wani kwastoma, kuma Injiniya ya rantse in na sake taɓa kayan mutane, da kansa zai mai da ni gidan kawuna. In na yi magana, tambayar farko ita ce ina na samu gyaɗa. Na ɗaga kai, na ga yatsansa ya nufi koren maɓalli.

"Yallaɓai, a tsaya!"

Da ƙarfi na faɗa, kuma bakina cike yake. Rabin hujjata ta watsu a kan allon kwamfutar Anti.

"Gafiya!" Ta zabura tana goge allo da bakin gyalenta. "Yau me ka haƙo?"

Injiniya ya juyo a hankali. "Me ke bakinka?"

"Yallaɓai, bincike ne."

"Binciken buhun wa?"

Na zaro sauran daga aljihu, na ɗora ɗaya a kan ramin, na matsa gefe. Injiniya ya danna ƙwayar da babban yatsa, ta fashe. Ya ɗauke ɗaya hannun daga kan maɓallin kamar ya taɓa garwashi.

Ihuna ya riga ya tashi Baba Iro, ya shigo yana gyara hula. Injiniya ya tambaye shi ko wannan irin ya shuka bara.

"A'a, na bara ƙanana ne, ƙwari suka cinye su a rumbu. Wannan yanzu na biyo ta Roni na karɓo wurin surukina. Ai ban ɗauka ya shafi aikinku ba." Sai ya dube ni, ya dubi bakin buhunsa. "Yaro, ka gode wa Allah. Maganin irin yana aljihuna, sai na je gida zan zuba."

Na ji gyaɗar da na haɗiye ta tsaya a wuya tana shawarar komawa.

Injiniya ya nuna ni da yatsa. "Maganar sata muna nan da kai. Amma tunda kai ka gano, kai za ka zana. In faifan ya fasa ƙwaya ɗaya, ka kama hanyar gidan kawunka."

To, ku buɗe kunne, don a nan aikin yake. Ban auna ƙwaya ɗaya ba, ashirin na ɗebo, wannan karon da izini. Mafi tsawo ta kai milimita goma sha biyar. Na zana ramukan gwaji uku: sha huɗu, sha shida, sha takwas, za a yanka a guntun katako mai kauri ɗaya da robar. Kada ku taɓa fara gwaji a kan kayan da ba ku da na biyunsa.

Ina cikin nuna wa bit hanya sai na ji an murɗe mini kunne.

"Ƙanena, bit ɗinka milimita nawa ne?" in ji Anti.

"Shida."

"Kuma ka ce ya bi ta kan layi. Zai ci uku ciki, uku waje. Sha shidanka ya zama nawa?"

"Ashirin da biyu, Anti."

"Sai Baba ya shuka da ɓawonta gaba ɗaya. Rami ta cikin layi ake yanka shi, gefen faifai ta waje."

Na gyara, na kunna gwajin allo, inda manhaja ke nuna yankan kafin injin ya motsa. Injiniya ya yanka katakon. A sha huɗu manyan sun maƙale. A sha takwas ƙananan sukan shiga biyu-biyu. Sha shida ya zauna daidai. Na bar ramukan takwas yadda suke don tazarar shuka kada ta canza. Ramin tsakiya kuwa ban kwafa daga tsohon faifan ba, don ya sha aiki ya buɗe. Sandar da zai zauna a kanta na auna. Na bar 'yan gadoji huɗu a gefe da za su riƙe faifan, kada ya kuɓuce a ƙarshen yanka ya yi tsalle. Na sauko da bit har ya taɓa fuskar robar, na sa sifili a nan, don daga nan injin zai fara ƙirga zurfin yanka.

Injiniya ya zagaya ya girgiza kowane maɗauri, ya duba allo sau biyu. Sannan ya ja da baya ya harɗe hannu.

"Me kake jira? Danna."

Na waiwaya in ga ko da wani yake. Na goge yatsa a riga, na yi bisimilla, na danna. Jama'a, ƙarar nan wata bakwai ina jin ta, amma ranar ji na yi kamar kiɗa ake mini. Farin garin roba na tashi, ni kuma ban yi numfashi ba har minti ashirin. Anti ta ce ƙarya ne, amma ba ita ke riƙe da huhuna ba.

Muka yanke gadojin, na goge bakin kowane rami da samfefa don kada kaifi ya kankare fatar iri. Faifan ya shiga mazauninsa ba tare da guduma ba. Muka fito da injin gaban shago, aka ɗage haƙorin da ke tsaga ƙasa don a ga abin da ke sauka. Shanu na Gwiwa, don haka aka ɗaura mini igiya a ƙugu. Baba ya kama mariƙi ya ce, "Haya, Gafiya!"

Na ja. Ƙwaya ta sauka, sai wata, sai wata, a jere kamar ɗalibai a layin asambali. Masu walda na maƙwabta suka fito suna tafi, kajin mai shayi suka biyo mu a guje. Injiniya ya tsuguna ya bi layin yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofarmu har bakin kwalbati. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Babu fasasshiya."

Baba ya tafi kafin azahar. Ranar Alhamis da yamma ɗan acaɓan ya biyo ya ce an gama shuka. Hukuncin satar kuwa bai wuce ni ba: sati biyu ina wanke tabarmin sallar shago. Amma tsintsiya ta fara hutawa, don daga ranar ƙananan zane duk ni ake ba.

Da kaka Baba Iro ya dawo da kwano uku na gyaɗa, ya ajiye a gabana ya ce, "Wannan taka ce. Ka bar wa hannunka hutu."

Abin da na koya shi ne, karyayyen abu labarin bara yake ba ka. Mai shi ma ba ɓoyewa yake ba, bai san abin da kake buƙatar ji ba ne sai ka tambaya. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo faifai, kafin a kunna kwamfuta sai Injiniya ya ce, "Ina irin da zai shiga ciki?" A zuba a tebur, ku ku auna. Ɗanɗanawa aikin manya ne, ku bar mini, kuma ni ma sai na tambaya ko an sa magani.