Karatun Safe a Gidan Mai Famfo

Mijina mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne. A Zurmi muka fara zama bayan aurenmu, sannan muka dawo Ƙauran Namoda da na sami aikin koyarwa a wata firamare. Mu Kirista ne, asalinmu kudancin Kaduna, amma shi a Ƙaura aka haife shi, don mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne tun lokacin da jirgi ke zuwa a kai a kai. Hausar Zamfarawa yake yi tsantsa. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ba wanda ya damu da sunansa na yanka, Mai Famfo kawai ake ce masa.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da shi, da 'yarmu, da mahaifiyarsa da muke kira Mama. Ciwon yana ya rufe wa Mama ido tun kafin a kawo ni gidan, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Kowace safiya, kafin kowa ya sa wani abu a baki, mukan zauna a tsakar gida kan tabarma, shi ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta mana, Mama ta yi addu'a, sannan kowa ya kama gabansa. Ba ya zaɓen wuri. Inda aka tsaya jiya, nan ake tashi yau. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma ya gada.

Cikin daminar da aka datse layukan waya a jiharmu, kafin a datse ɗin da kaɗan, mutanen Badarawa ta ƙasar Shinkafi suka aiko cewa famfonsu ya tsaya. Ya ɗaure kayan aikinsa a bayan babur ya tafi. Bai dawo ranar ba. Washegari da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu, dattawa suka sauko daga bayanta, suka yi sallama. Ina ganin sabuwar tabarmar da suka naɗe a bayan motar na san abin da ke ciki.

Babbansu, wani tsoho mai farin gemu, ya tsuguna a bakin zaure ya ce, "Malama, sai haƙuri. Ya gama aikin, ruwa na zuwa. Mun ce ya kwana, yac ce tsohuwa na jiran shi. 'Yan bindiga sunka tare hanya bayan la'asar."

Na ce, "To." Na shiga ciki na ɗebo musu ruwa a kwanon sha, na tsaya har suka gama sha na karɓi kwanon. Na tuna na ɗauraye shi ma, na kife. Sai bayan nan na je ɗakin Mama na faɗa mata.

Ban yi kuka ba ranar, ban yi ba ranar jana'iza. A nan Ƙaura muka binne shi, kusa da mahaifinsa. Matan zumunta na cocinmu sun cika gidan, suna waƙa suna kuka, ni kuma ina jin su kamar rediyon maƙwabta. In aka ce in zauna sai in zauna, in aka miƙo abinci in karɓa. Fasto ya yi mini doguwar nasiha, har yau ban iya tuna kalma ɗaya daga ciki ba. Abin da nake tunawa shi ne maɓallin rigarsa ɗaya ya kusa tsinkewa, na yi ta kallonsa ina jira ya faɗi.

Da baƙi suka watse, wata safiya na fito zan hura wuta, sai na tarar Mama ta lalubo tabarma ta shimfiɗa da kanta, a karkace, ta zauna a kai.

Ta ce, "Ɗauko littafin."

Na ce, "Mama, ba yau ba."

Ta ce, "Ni ba ni da ido. Yarinyar nan ba ta iya karatu sosai ba tukuna. In ba ke ba, wa?"

Na ɗauko. Tsinken tsintsiyar da yake sa alama da shi yana nan inda ya bar shi. Wurin kuma ba wani wurin ta'aziyya ba ne, jerin sunayen zuriya ne, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Na karanta har ƙarshen babin. Mama ta yi addu'a gajeriya. Na rufe littafin na tashi na hura wutata.

Haka muka ci gaba. Ba da daɗewa ba aka datse waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Garin ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. 'Yan'uwana da ke gida ba su da hanyar jin muryata, sai in wani zai fita jihar in ba shi saƙo ya kira su ya ce muna lafiya. A gaskiya na ji sauƙin hakan. Ba mai kira ya tambaye ni yaya nake ji, balle in nemo amsar da ba ni da ita. Makarantarmu ma an rufe ta na wani lokaci. Na wuni ina wanki, ina sake wanke abin da na riga na wanke. Abu ɗaya da ke da lokacinsa tsayayye a yinin shi ne karatun safe.

Idona yana bin layi, bakina yana furta kalmomin daidai, don ni malama ce, na san inda ake tsayawa da inda ake ɗaga murya. Amma da zarar na rufe littafin, in ka tambaye ni me na karanta, ban sani ba. Da Mama ta fara addu'a nakan rufe ido in ji kukan awakin maƙwabta, in yi tunanin ko gawayi zai kai mu gobe. Ban yi fushi da Allah ba. Na so ma a ce fushin nake yi, da na san akwai abin da ya rage a cikina.

A cikin wannan lokacin ne mai gidan da muke haya ya ba wata tsohuwa ɗakin da ke jikin namu. Musulma ce, daga Kuryar Madaro ta gudo da jikokinta bayan an kai musu hari an kashe ɗanta a gona. Inna muke ce mata. Kunu take damawa tana sayarwa a ƙofar gida. Ba ta taɓa yi mini doguwar gaisuwar mutuwa ba, ni ma ban yi mata ba. Da safe mukan haɗu a bakin rijiya, ta ce, "Malama, an tashi lahiya?" in ce, "Lafiya lau, Inna," kowa ta ja guganta. Da asuba nakan ji ta ta bango tana karanta surorinta a hankali bayan salla. Ita ma ashe tana jin namu.

Wata rana bayan karatu na kasa tashi. 'Yata ta shiga ɗaki, saura ni da Mama. Na ce, "Mama, ina so in faɗa miki wani abu. Karatun nan da nake yi, ba na jin komai. Ko kaɗan. Kamar ina karanta takardar magani. Anya ba munafunci nake yi wa Allah ba?"

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Tuwon da kike ci tun da aka kawo ɗana a motar nan, kina jin ɗanɗanonsa?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Ni ma haka. Amma ga mu, ba mu faɗi ba." Ta miƙo hannu in tashe ta. Da ta miƙe ta ƙara da cewa, "Ba ce miki aka yi ki ji ba. Cewa aka yi kada ki bari."

Ban sami wata nutsuwa daga maganar ba a lokacin. Na dai riƙe ta, kamar yadda ake riƙe umarnin likita.

Watanni suka wuce, aka dawo da waya, makaranta ta buɗe. Yayana ya yi ta kira yana cewa in tattara in dawo gida, me nake jira a garin da ya cinye mini miji. Na ce masa aikina yana nan, kabarin ma yana nan. Gaskiyar ita ce ba ni da ƙarfin ɗaure kaya.

Muna bin littafin a jere, sai wata safiya muka iso wurin da aka umarci masu bi su yi wa masu cutar da su addu'a. Na hango shi tun kafin in kai, don na san wurin tun ina yarinya. Da na zo gab da shi sai na tsallake, na ci gaba daga ƙasa kamar ba komai.

Mama ta ce, "Koma baya."

Na ce, "Na karanta ai."

Ta ce, "Ido ne ba ni da shi. Kunnena yana nan. Mijina ya karanta mini wurin nan, ɗana ya karanta mini. Akwai abin da kika bari."

Na koma na karanta shi, da murya irin wadda nake kiran sunayen yara a aji. Mama ta daɗe ba ta fara addu'a ba, har 'yata ta buɗe ido ta dube ni. Da ta fara, muryarta a bushe take. Ta ce, "Ya Ubangiji, mutanen da suka tare hanyar Shinkafi, ka san su, ni ban san su ba. Ka ce a yi musu addu'a. Ga shi na yi. Ka juyo da su." Ta ce amin. Ni ban ce ba.

Ranar Mama ba ta ci komai ba. Na kai mata kunun Inna ta ce in ajiye, na kai tuwo da rana ta ce in rufe. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya har yamma. Washegari kuma ita ta riga kowa zama a tabarma.

Shekara ta zagayo, ƙafafun Mama suka fara kumbura. Babbar 'yarta ta zo daga gida ta ce za ta tafi da ita inda asibiti ya fi kusa. Mama ba ta so ba, amma ba ta da ƙarfin gardama. Na raka su tasha da safe. Na ɗauka za ta ce in ba ta littafin, tunda na mijinta ne kafin ya zama na ɗanta. Ba ta ko ambace shi ba. Ta laluba fuskata da hannu ta tagar mota, ta ce in riƙa shafa wa yarinyar mai a ƙafa, don tana da kaushi. Mota ta tashi.

Da ba mai shimfiɗa tabarma, sai na daina. Ba shawara na yanke ba. Ranar farko na makara, ta biyu na ce sai an jima, daga nan abin ya bi ruwa. Littafin yana kan akwati, na aza masa kwandon allura. Ban ji wani bambanci ba, kuma wannan ne ya ɗan ba ni tsoro: da karatun da babu shi, duk ɗaya nake ji.

Ina jan ruwa wata safiya Inna ta ajiye guganta ta dube ni. Ta ce, "Malama, lahiya dai? Kwana biyu ban ji karatunku ba."

Na ce, "Ai tsohuwar ta tafi, Inna."

Ta ce, "Na sani. Da Allahn ta tahi?" Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Ta ci gaba, "Ni ban san abin da kuka karantawa ba, naku daban namu daban. Amma in na gama nawa, ina zaune, sai in ji kin hwara naki, in ce to, gidan ga akwai mutane. Sannan in tashi in aza tukunya. Yanzu sai in yi ta zama."

Na kai ruwana ciki. Washegari na ɗauke kwandon allurar, na kira 'yata, muka zauna. Na ɗaga murya fiye da yadda na saba, don ta ratsa bango. Da na gama sai na ga babu mai yin addu'a sai ni. Na buɗe baki, abin da ya fito bai wuce roƙon a kai mu makaranta lafiya a dawo da mu lafiya ba. Jim kaɗan na ji ƙarar murfin tukunya daga ɗakin Inna.

Mama ta rasu a can gida bayan wasu watanni. Na je jana'iza na dawo. Yanzu ni da 'yata muke karɓa-karɓa, ita ta karanta yau, ni gobe. Ba zan ce zuciyata ta dawo yadda take ba. Akwai safiyar da wata kalma takan tsaya mini har in isa aji, in ta juya ta ina rubutu a allo. Akasarin ranaku kuwa babu komai, karatu ne kawai, mu rufe mu tashi. Na daina auna kaina da hakan.

Da kakar bana Inna ta ce za ta koma Kurya ta ga ko ƙanin mijinta ya samu ya yanke ɗan geron da ya shuka. Na ce mata hanyar ba kyau. Ta ce ta sani, amma jikoki ba za su ci kuɗin kunu kaɗai ba har wata damina. Ta bar mini yaran da makullin ɗakinta da tukunyar kunun, ta hau mota ranar kasuwa. Ba ta da waya. Yaran suna kwana a ɗakinmu, da asuba babbarsu ta tashe su su yi sallarsu, mu kuma mu jira su idar kafin mu shimfiɗa tabarma. Jiya wani direba ya ce ya ga mai kama da ita a bakin tasha a can, tana jiran a sami 'yan rakiyar motoci ta dawo. Na sa sunanta a addu'ar safe, na kuma ƙara gero a jiƙon kunu, don masu saye ba su daina zuwa ƙofar gida ba.