Muryar Malam a Cikin Gafaka

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da ranar da na goyo muryar kakanmu a babur daga Kebbe zuwa Tambuwal ba.

Kakan namu malami ne, ya bar karatunsa a kasakasai, wato kaset-kaset na rikoda. Bayan rasuwarsa na ga sun fara cin zare, sai na juye su duka a 'yar ma'ajiyar kwamfuta da ake kira SSD, na damƙa wa Baffa, babban ɗansa. Don girmamawa, Baffa ya naɗe ta a ƙyalle, ya sa a gafaka tare da littattafan Malam, ya rataye can sama dab da kwanon rufi. Haka ake yi wa abu mai daraja a gidanmu, ba a taɓa shi. Ta shekara da shekaru tana shan zafin bazara, kasakasan kuma suka ƙarasa lalacewa.

Kwatsam ciwo ya kwantar da Inna, matar Malam. Ta ce ba ta son komai sai ta ji muryar mijinta. Na sauko da gafakar, na jona SSD ɗin a kwamfuta. Karatu na farko ya ƙi buɗuwa, na biyu ya yi ƙara ya ɗauke.

Ban zame ko'ina ba sai shagon wani abokina mai gyaran kwamfuta a Tambuwal. Ya buɗe manhajar da ke auna lafiyarta, ya ce, "Ba a gajisshe ta da rubutu ba, ta nan da sauranta. Ina kunka aje ta?" Na gaya masa. Ya riƙe baki. "Wagga aba in ta daɗe ba wuta, ga zafi, abin da ac ciki tsiyayewa shikai, awa ruwa a fasasshen tulu."

Ya shiga kwashe abin da zai kwasu, ni kuwa ina zaune tamkar kan ƙaya. Baffa ya kira: "Ɗana, jikin nata ya tsananta. Kana ina?" Ina tsoron in koma hannu rabbana, ina tsoron in tarar an shimfiɗa tabarmin makoki.

Kaɗan muka tsira da shi, sauran ya tafi har abada. Na zuba ɗan abin da aka samu a wayata, na kamo hanyar Kebbe. Bayan la'asar na kara wa Inna wayar a kunne. Malam ya yi gyaran murya zai fara karatu, sai ta buɗe ido. "Ga shi nan," ta ce, "da tarin nan nashi." Kwana kaɗan bayan nan ta rasu.

Yanzu nakan jona SSD ɗin lokaci-lokaci in duba lafiyarta, ina ajiye ta a wuri mai sanyi, na kuma raba wa dangi kwafi. Na koyi cewa abin da kake ƙauna, rataye shi a sama ba ya tsare shi. Sai ka riƙa sauko da shi kana dubawa.