Jifan Baƙo a Gurbin Fagam

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne sarkin ruwan garinmu. Idan rani ya yi, kogin da ya bi ta Fagam yakan ƙafe, sai wani gurbi mai zurfi a gindin dutse, inda kifi ke taruwa ya jira damina. Yakan kafa sanda a bakin gurbin, ya ɗaura mata ganyen kaba. Daga ranar ba mai jiƙa komar kamun kifi a wurin, domin wannan kifin shi ne irin baɗi. Baƙo kaɗai aka yarje wa jifa ɗaya, ya sami na miya. Haka ya gada.

A shekarun da kuɗin mai suka fara kawo manyan motoci ƙauyuka, wata babbar mota ta sauke wasu baƙi a ƙofar gidanmu daga wajen Birnin Kudu. Ni na dama musu fura. Babbansu, wani Alhaji mai fara'a, ya ce, "Sarki, mun ji baƙo yana da jifa ɗaya a nan."

"Yana da shi, Alhaji. Sai dai in tarwaɗa ta fi ka wayo, ba ruwana."

Suka yi dariya. Shi maigidana a zatonsa birgi za su jefa, 'yar komar da mutum ɗaya ke wurgawa daga kafaɗa. Ya tafi sallar azahar.

Da ya dawo ya tarar sun shimfiɗa taru, ragar roba mai ƙananan idanu, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ja ɗaya suka yi. Har 'ya'yan ƙarfasa da ba su kai ɗan yatsa ba suna kan yashi. Bai yi faɗa ba, tunda da bakinsa ya ba su izini. Ya durƙusa yana tsince ƙananan yana mai da su ruwa, har motar ta tashi.

Daminar nan yara suka yi ta dawowa da ƙwarya wayam, kuma ba wanda ya ɗora masa laifi. Wannan ya fi yi masa ciwo. Ya riƙa zuwa har Gwaram a ƙasa, yana roƙon ƙananan kifi a tulu yana juyewa a gurbin. Sai da aka jima kafin ruwan ya farfaɗo.

Dattawa suka ce a soke jifan baƙo. Ya ƙi. Ya dai ce daga yau da birgin gidanmu baƙo zai yi jifa, shi kuma yana tsaye a wurin.

Birgin yana nan rataye a zaure. Bana ma wani baƙo ya zo, na miƙa masa, na sa mayafi na bi shi har bakin ruwa.