Kircin Inna da Na Mayar Kuturta

Malam Edita, a shekarun da abin nan ya faru ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, a wani ƙauye kusa da Taba, ina noman rake a fadama ina dafa mazarƙwaila. Ina da injin matsar rake irin wanda doki ke ja, kuma duk ranar kasuwar Makarfi da jakuna uku nake shiga da kaya. Karatun boko ban same shi ba sai daga baya, a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuto muku da hannuna. Amma a wancan lokaci gani nake duk ƙauyen babu mai wayona, in ana shawara a ƙofar gidan mai unguwa muryata ce a sama. Mahaifina ya rasu, gida ya dawo hannuna, daga ni sai matata sai mahaifiyata, wadda muke kira Inna.

Inna mai daddawa ce, kuma ba don ta haife ni ba, daddawarta har daga Kudan ake aiko a saya. Wanda ya san aikin ya san wahalarsa. A dafa kalwa, a surfa ta da toka, sannan a zauna a yi ta wanke ta, hannu cikin ruwan toka tun hantsi har azahar. Haka take yi tun kafin in yi wayo. To, wata shekara bayan girbi sai bayan hannuwanta suka fara ja suna ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje suka feso suna fitar da ruwa, abin ya hau har gwiwar hannu. In ya bushe sai fatar ta yi kauri ta tsattsage, ta bar dabbare-dabbare. Ba ta fasa aiki ba. Takan ce abin nata ne, yana zuwa yana tafiya, bana ne dai ya zo da ƙarfinsa.

Wata mata da ta zo sayen daddawa ita ta fara ƙura wa hannun ido, ta ce ta manta abu a gida, ta fita ba ta dawo ba. Kafin kwana bakwai magana ta gama ƙauye. Ba wanda ya ambaci sunan cutar, sai dai a ce Allah ya sawwaƙe, a kawar da kai. Ranar kasuwa wani dillali da ya daɗe yana ɗaukar mazarƙwailata ya ja ni gefe, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne babbar cuta ta shiga gidanmu, kuma ko tsohuwa tana taɓa kwanonin da nake zuba mazarƙwaila. In faɗa muku gaskiya, ba Inna na fara tunawa ba, injina na tuna da jakunana. Har yau in na tuna haka sai in ji na tsani kaina.

Ina komawa gida na kira wanzamin garinmu. Mutumin nan, Allah ya isa tsakanina da shi, ko da yake ni na kai kaina. Daga bakin ƙofa ya leƙa, ko hannun bai riƙe ba, ya girgiza kai ya ce wannan farkon kuturta ce, ya ga irinta ba adadi, amma in an yi sauri zai ƙone ta tun ba ta shiga ƙashi ba. Ya yi mata tsaga a hannu biyu, ya ɗiga nonon tinya a kan ɗanyen rauni. Tsohuwar nan da ban taɓa jin kukanta ba, ranar har maƙwabta sun ji. Ni kuwa ina tsaye ina ce mata ta daure, magani ne ke aiki. Hannu ya kumbura ya saɓule, inda ya warke ya bar farin tabo, sai ya zama duk wanda da yake shakka yanzu ya tabbatar. Wanzami ya ce ai ga ta nan ta fito fili, dama ɓoyewa take yi.

Daga nan na yi abin da ake yi. Na gyara mata bukkar da ke bayan rumbu, na ware mata ƙwarya da ludayi da buta, na hana ta taɓa tulu da turmi. Matata takan kai mata tuwo ta ajiye a bakin ƙofa. Na fasa tukwanen daddawarta a gaban mutane, don a gani a shaida cewa ni mai tsabta ne. Asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, yana nan Ikara, tafiyar da ba ta fi yini ba, amma ban kai ta ba, domin ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda aka gani da kuturta sai a rubuta sunansa a aika da shi zangon kutare, ba ya dawowa. Na riƙa gaya wa kaina rufa mata asiri nake yi. Ita kuwa duk safiya in na tsuguna daga nesa na gaishe ta, abu ɗaya take faɗi. Takan ce ita ta ga kutare tun tana yarinya, ba ta taɓa ganin wanda ke susa ba, ita kuwa ƙaiƙayi har cikin ranta. Sai in ce mata ta bar wa masu sani. Wata goma sha ɗaya tana bayan rumbun nan.

Ƙanenta, kawuna da ke Janfalan, ya yi doguwar tafiya fatauci, bai ji ba sai da ya dawo. Ya iso ko ruwa bai sha ba ya wuce bayan rumbu, ya zauna a tabarmarta ya kama hannunta yana juyawa. Da ya fito ya tambaye ni wane likita ne ya duba ta. Na ce wanzami. Ya ce in ban ji kunyar Allah ba, ashe ban ji kunyar nonon da na sha ba. Washegari ya ɗora ta a kan jakina, ya ce in biyo su ko in zauna in yi gadin rakena. Na bi su kamar ɓarawon da aka kama.

Malamin asibitin wani dattijo ne mai magana a hankali. Ya sa Inna ta rufe ido, ya tsinko 'yar auduga yana taɓa tabon da ita, ya ce duk inda ta ji ta nuna. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Ya lallatsa gwiwar hannunta, ya duba kunnuwa da gira da tafin ƙafa, sannan ya tambayi sana'arta. Da ya ji sai ya ce wannan kirci ne, babu kuturta ko ɗis. Ya ce tabon kuturta mutuwa yake yi, ba ya jin taɓi, kuma ba kasafai yake ƙaiƙayi ba. Kirci kuwa fata ce ke fushi da abin da ke cin ta, ita ruwan toka ne ya cinye mata maiƙon hannu shekara da shekaru, wani sabulu ne, wani rini, wani kuma gado ne a jininsa, kuma ba a ɗaukarsa ko kwano ɗaya ake ci. Ya ce da an raba ta da ruwan toka an bar hannun ya huta, da tuni ya lafa. Susa da ƙunar tinya da dattin da ya shiga raunin su suka riƙe shi. Ya ƙara da cewa ko da kuturtar ce, yanzu akwai ƙwayar da ake karɓa mako-mako mutum yana gidansa. Sannan ya dube ni ya tambaya wa ya ba da izini aka ƙona ta. Kawu ya nuna ni da haɓa.

Maganin da aka ba ta har kunya yake ba ni, don sauƙinsa. Wani shuɗin ruwa na shafa wa gyambon, da wani farin mai a gwangwani. Aka ce ta yanke farce, ta riƙa wanke hannu da ruwa mai ɗumi ba sabulu mai zafi, ta shafa man kaɗanya tun hannun bai gama bushewa ba, in kuma za ta koma daddawa wani ya riƙa yi mata wankin kalwa. Kafin mako shida hannun Inna ya yi sumul, sai tabon wanzami kawai.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na bi gida-gida ina shela, na faɗa a masallaci, na faɗa a kasuwa. Sai a ce mini madalla, in na ba da baya a ce ai ɗanta na cikinta shi ya ware ta, ya fi kowa sanin abin da ya gani. Na sayo mata sababbin tukwane, matata ta karɓi wanki, aka yi daddawa mai kyau irin ta da. Ta kwana uku a faifai ba wanda ya taya. Inna ba ta sake yi ba. Gidan biki ta daina zuwa, domin in ta zauna sai tabarma ta yi fili. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen nan duk sun ci daga hannunta shekara talatin, kuma wanzamin yana nan yana yawo da zabirarsa, ba wanda ya fasa kiransa. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba. Na nemi gafara, ta ce ta yafe, tsoro ne ya kama ni. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekara shida bayan haka Allah ya yi mata rasuwa, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ina zaure ana karɓar gaisuwa sai matata ta kira ni gefe, idonta jawur, ta ce matan da aka kira wanka suna tsaye a tsakar gida, sun ce a tambaye ni ko sai sun naɗe hannuwansu da tsumma har gwiwa kafin su taɓa ta. Na ce su koma gidajensu. Matata da matar kawu su biyu suka wanke ta.

Shi ya sa na rubuto, don masu karatu su ji daga bakin wanda ya yi. Ciwon fata iri-iri ne, akwai kirci, akwai ƙazuwa, akwai makero, akwai borin jini, kowanne da sanadinsa da maganinsa, kuma ba a gane su daga bakin ƙofa. In ƙuraje sun fito wa naka, tambayi abin da hannunsa ke taɓawa, ka saurari abin da yake faɗi game da jikinsa, ka kai shi inda za a duba, kada ka bari a tsaga ko a ƙona. Wanda ma aka tabbatar yana da kuturtar, magani yake bukata, ba bayan rumbu ba. Fiye da komai, ka riƙe bakinka har sai ka tabbata. Hannun Inna mako shida ya ɗauka ya warke, amma sunan da na laƙaba mata da shi aka kai ta kabari, kuma ba wanzami mutane suka gaskata ba, ni suka gaskata.