Bijimin Rijiya da Tsohuwar Saba

Satin da aka ce in gwada na'urar da za ta raba ni da aikina, ba matata na fara tunawa ba, ba 'ya'yana ba. Kakata Iya Tabawa ce ta faɗo mini a rai, ita da wata tatsuniyarta da ta sha ba mu a bakin wuta.

A Dingaya na tashi, ƙasar Gwaram, shekarun da aka yanke mana Jigawa daga Kano, manya suna ta murna a gindin rediyo, mu yara ba mu san me aka samu ba. Bayan girbi, in an idar da isha'i an cinye tuwo, Iya takan jawo ragowar garwashin murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta ƙara karan dawa, ta binne gyaɗa a toka. Mu jikoki sai mu kewaye ta. Akwai wani faffaɗan dutse a gefen wutar, in ya sha ɗumi sai ya riƙe shi har a tashi, kuma nan ne mazaunina. Na sha kokawa da yayata Ladidi a kan dutsen nan. Ta fi ni ƙarfi, amma na fi ta kuka, don haka kullum ni ke ci.

Iya gajeriya ce mai faɗin kafaɗa. Tafin hannunta duk kanta, in ta shafa maka kai sai ka ji kamar an goga maka soso. Da ƙuruciyarta ita ke yi wa rabin unguwa niƙa da daka, ba a biki ko suna ba a turo mata ƙwaryar hatsi ba. Lokacin da na yi wayo injin niƙa ya riga ya sauka a bakin kasuwa, kowa can yake aikawa, har gidanmu. Ita kuwa sai zaman tsakar gida da tsintar wake.

"Maigida," haka take kirana da wasan jika, "yau ma bakinka kaɗai ka kawo mini? Ina cefane?"

Sai in tura baki, ta yi dariya, ta tona mini gyaɗa mai zafi. Daga nan ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu amsa, "Ta shigo, mun share mata wuri." In ta gama kuwa takan ce ta ɗaure ta ta rataye, ta jefa kara ɗaya a wuta, kowa ya nufi shimfiɗarsa. Tatsuniya ɗaya ce tak ba ta taɓa ɗaurewa ba, ita ce ta bijimin rijiya.

Wai a wani gari na kan dutse akwai rijiya mai zurfin gaske, in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira kafin ka ji faɗuwarta. Ba mai iya jan ruwa a cikinta sai wani baƙin bijimi. A ɗaura masa igiya, ya yi tafiyarsa a hankali, ƙaton guga ya fito, mai kiwonsa Tanko ya juye wa mata a tulu. Garin kaf da ruwan bijimin nan ya girma. Amma fa akwai ci! Harawa dami-dami, dusa ƙwarya-ƙwarya, ruwan da ya ja ma sai ya shanye kaso mai tsoka.

Sai aka yi shekarar fari, rumbuna suka yi ƙasa. Wani baƙo ya iso da ɗan jaki wanda bai kai ƙugun mutum ba, ya ce wa dagaci wannan tafi ɗaya na ƙaiƙayi ya ishe shi wuni, kuma zai shayar da garin. Aka yi ta dariya. Dagaci ya ce a gwada, kuma Tanko ne zai tsaya ya faɗi wanda ya fi, tunda ba wanda ya san rijiyar kamarsa. Aka jera randuna gefe biyu. Gugan jaki ƙarami ne, amma kafin bijimi ya je ya dawo, shi ya yi sawu da yawa, cas-cas-cas. A nan Iya takan buga yatsunta a kan gwiwa, mu kuwa mu ɗauki tafi, ni na fi kowa ihu. Kafin azahar randunan jaki sun cika, na bijimi da saura.

Tanko ya faɗi gaskiya, ya ce jaki ya ci. Sai ya ƙara da cewa a tuna, hanyar da jakin yake sukuwa a kai bijimi ne ya take ta, shi ya murƙushe ƙayar da tsakuwar, kuma bai taɓa kwanciya ya bar garin da ƙishi ba. Dagaci ya ce, "Mun ji, Tanko. Amma harawar fa?" Washegari aka kira mahauta. Fatar kuma aka jeme ta, aka ɗinka ƙananan guguna daidai ƙarfin jaki.

Nan Iya takan tsaya, ba ta ɗaure ta ba. Wata rana Ladidi ta ce, "Iya, Tanko fa? Ina ya tafi?"

"Oho," in ji Iya. "A garin ma ba wanda ya tambaya."

"To ki ɗaure ta mana, mu je mu kwanta."

Ta ja tsaki tana tura garwashi da kara. "Wannan ba ta ɗauruwa. Jakin bai yi laifi ba. Dagacin ma bai yi ba, shekarar yunwa ce. Da akwai mugu a ciki da kun zage shi kun yi barcinku. Ku tashi dai."

A lokacin haushi nake ji, ina ganin tsufa ne ya sa ta manta ƙarshen.

Yanzu ga ni da furfura a gemu, a Birnin Kudu, inda na daɗe ina aiki a wata cibiyar kwamfuta ta wani Alhaji. Ɗalibai suna zuwa gwajin jarrabawa, kuma duk kwamfutocin zauren daga uwa ɗaya suke jawo tambayoyi, wadda muke kira saba. Akwatin ƙarfe ce mai tsayi da nauyi, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta. A cikinta akwai furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, kowacce an ɗora mata ƙarfen shan zafi, ga fankoki suna ruri kamar injin markaɗe. Ba ta zama sai a ɗaki mai na'urar sanyi, ba ta jure ɗaukewar wuta sai an ta da janareto nan take. Aikina ke nan: in share ta, in sauya mata man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, in kula da sanyin ɗakin, in ruga ga janareto. Daga sautin fankarta kaɗai nakan san lafiyarta. Matata har kishiya... a'a, uwata ta biyu take kiranta, don ta ce na fi jin maganarta.

Sai Nura, ɗan Alhaji, ya dawo daga karatu da wata 'yar akwati da ba ta fi sabulun wanki girma ba. Furosesa ɗaya ce a ciki, irin na yanzu masu cin wuta kaɗan, faifan sola ɗaya da batir sun ishe ta. Yaron kirki ne, mai ladabi, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Wallahi da mara kunya ne da na fi samun sauƙi.

Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam Habibu, kai ka san saba ciki da waje. Kai za ka gwada su, abin da ka faɗa shi zan ɗauka."

Ni da shi duk mun san in akwatin Nura ta ci, babu janareto, babu ɗakin sanyi, babu abin da zai sa a riƙe Malam Habibu. Na ce to.

Na zuba tambayoyi iri ɗaya a duka biyun, na sa ma'aunin wuta a kowacce, muka cika zauren da ɗalibai, rabi a kan wannan rabi a kan waccan. Tsohuwar tawa kafin ta gama farkawa sai ka sha shayi ka wanke kofi. 'Yar akwatin kuwa kana dannawa ta tashi. Aiki ɗaya-ɗaya, buɗe shafi ko fitar da sakamako, ƙaramar ce ke riga gamawa. Da ɗaliban suka danna gaba ɗaya na ce yauwa, yanzu za a ga babba. Tsohuwar ta ɗauki nauyin ko gezau, na ji daɗi har cikin raina. Na waiwaya in ga ƙaramar ta durƙushe. Ina! Ta ɗan yi ɗumi kawai ta ci gaba da abinta. Ma'aunin wuta kuwa ban so kallonsa ba: tawa tana zuƙa kamar an bar dutsen guga a kunne, ban da na'urar sanyi, ta Nura kamar ƙwan fitila.

Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta. Batirin da ke riƙe saba ya fara kuka, na kwasa da gudu zuwa bayan gini, ina fama da janareto, gumi har cikin ido, hayaƙi ya turnuƙe ni. Na dawo ina haki na tarar rabin zauren da ke kan akwatin Nura ba su ma san an ɗauke ba. Wata yarinya ta ɗago ta dube ni da mamaki, wai me ya koro mutumin nan.

Da la'asar na samu Alhaji, Nura yana gefe. Na faɗi abin da na gani, ban rage ba. Sannan na ce a tuna, tsohuwar tana da ma'ajiyar da ke gyara kuskure da kanta, tana da hanyar wuta biyu, in faifan ajiya ɗaya ya mutu wani yana riƙe da aikin, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa watsar da jarrabawar yaro ko ɗaya ba. Ƙaramar in ta lalace ba gyara, sai shara.

Nura ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Shi ya sa na sayo biyu, ɗayar tana aljihun tebur."

Alhaji ya numfasa. "Na ji, Malam Habibu. Amma man janareto fa?"

Har sai da na kusa yin dariya. Na so in ce masa na san wannan maganar tun ina yaro, wani dagaci ya riga shi faɗa.

Bai wulaƙanta ni ba. Ya yi godiya, ya yi addu'a, ya ce zuwa ƙarshen wata in gama kwashe komai zuwa sabuwar, in nuna wa sakatariya inda ake dannawa. Nuna matan bai ɗauki lokacin alwala ba. Wannan shi ya fi yi mini ciwo, abin da na ƙare ƙuruciyata a kai ya koma maɓalli ɗaya. Na nemi wanda zan tsana na rasa. Mai ya yi tsada da gaske, yaron bai yi ƙarya ba, 'yar akwatin ta fi. Ga baƙin ciki, ba wanda zan ɗora wa.

Ranar ƙarshe ni na kashe ta da hannuna. Fankokin suka yi ta raguwa har suka tsaya, ɗakin ya yi tsit, na ji kukan kurciya a waje wanda ban taɓa ji daga ɗakin nan ba. Nura yana ta neman inda zai ajiye akwatinsa kusa da taga, don wayar sola ba ta kai tebur ba. Sai ya ce, "Malam, don Allah kama mini wannan mu matsar." Muka ja tsohuwar saba zuwa gindin taga. Ya shimfiɗa ƙyalle a kanta, ya ɗora 'yar akwatin, ya ja baya yana dubawa. "Kai, kamar don ita aka yi," in ji shi.

Na dafa ƙarfen zan miƙe, na ji har yanzu da sauran ɗumi. Ɗumin ne ya mayar da ni ƙofar ɗakin Iya, kan dutsen da nake kokawa a kansa. Na tuna wata damina da aka juya shi don a share ƙarƙashi, na ga cikinsa ya lotsa, ya yi sulɓi, irin lotsawar da hannu ke yi wa dutse shekara da shekaru. Dutsen niƙanta ne. Da injin ya zo aka kife shi a gefen wuta don yara su samu wurin zama.

Ba wanda ya gaya mini, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ina zaune a kai ina tafa wa jaki, ita kuma tana tona toka da hannun nan mai kanta tana miƙo mini gyaɗa.